Asabar ɗin Kiɗan Soja

Gado ya sauka daga kabu-kabu a bakin kasuwar Jiratawa, rikoda rataye a wuya, tun kafin ya gyara hula mutane sun fara taruwa. Tun da aka buɗe rediyo mai zaman kansa a Maraɗi, shirinsa na "Rana Irin Ta Yau" ya zama abincin kunne bayan shan ruwa. Zai tare mutum ya tambaye shi abin da ya faru a rana kamar wannan, in ya kasa ya yi masa tsiya son ransa, a saka a rediyo gari ya yi dariya. Gado kuwa akwai baki, kuma ya san da haka.

Tambayar yau mai sauƙi ce, domin bara a rana irin ta yau soja suka ƙwace mulki a Yamai. Wani mai tumatir ya ce ranar aka yi zaɓe, Gado ya wanke shi tas.

Sai ya hango Tsahara, matar yayansa Jibo, zaune da kwandon zogale. Bara cikin azumi sanƙarau ya ɗauke musu 'yarsu ta fari, Tasalla, shi kuwa aiki ya riƙe shi, sai bayan sadakar bakwai ya leƙo gaisuwa. Tun daga nan kunya ta hana shi taka gidan. Amma tsakanin ƙanen miji da matar wa akwai wasa, sai ya ga ga hanyar gyara zumunci cikin raha, ba sai an tono abin da ya wuce ba.

"Matata, yau kin shiga hannu," in ji shi, ya kai mata rikoda baki. "Hwaɗa ma jama'a, mi ya hwaru bara, ashirin da bakwai ga Janairu?"

Ta ja mayafi tana murmushi. "Kai dai Gado ba ka girma. Ina ni ina watan nasara?"

Aka yi dariya. Dariyar ta yi wa Gado daɗi, ya ƙara matsowa.

"To bari in taimake ki. Cikin azumi ne, ran Asabar. Rediyo ya bar magana, sai kiɗan soja. Ko shi ma zogale ya hana ki ji?"

Murmushin ya bar fuskarta. Ta ajiye ƙullin ganyen da ke hannunta a hankali.

"Na ji shi," ta ce. "Muna bakin asibiti a Maraɗi, da amalanke munka kai ta. Kowa ya kewaye rediyo ana wannan kiɗin. Kahin a sha ruwa Allah ya amshi abinai."

Gado ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. A cikin kansa mutuwar yarinyar tana cikin azumi, juyin mulki yana cikin Janairu, bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta riga shi.

"Ashe ba ka mance ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Mu lissahinmu na azumi ne, ya riga ya wuce. Yayanka ya ce in bari, Gado mai riƙon ranakku ne, in tashi ranar ta zagayo za ya zo. Na ce haba. Ka yahe mini zato."

"Wannan shi ne zumunci," in ji wani dattijo mai albasa. "Tun daga birni, da azumi a baki."

Da zagi aka yi wa Gado da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido daga kwandon, kuma bai iya cewa ba haka ba ne ba. Rikoda na ta juyawa a ƙirjinsa.

"Tunda abin naka na ɗauka," in ji Tsahara, "ka yi mata addu'a a ciki, yayanka ya ji da dare. Amma ka kira sunanta na yanka, ba Tasalla ba. Ka san ni ba ni iya hwaɗin shi, ɗiyar hwari ce."

Dattijon ya ɗaga hannu, sauran suka bi. Gado ya ɗaga nasa. Ya shiga lalube a kansa. Sunayen hafsoshi suka zo, na ministocin da aka tsare suka zo, har lokacin da aka karanta sanarwa ya zo. Ranar sunan yarinyar yana wurin, ya ci naman ragon, amma abin da liman ya raɗa ya ɓace masa. Mutane suna jira, hannuwa a sama.

"Allah ya jiƙan... ɗiyarmu," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Aka amsa da amin, aka shafa. Tsahara ta daɗe tana dubansa, sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙullin zogale mafi girma ta miƙa masa.

"Ka kai ma iyali," ta ce. "In ce ma yayanka ka zo, ko in bari?"