Fuskar da Mama Ta Sani

Asibitin da ke Sydney ya ba Marnie Tulloch zuwa ranar Juma'a ta ce e ko a'a. Idan ta ce e, ranar sha tara ga Agusta likita zai kwantar da ita, ya kankare ƙashin goshinta, ya rage muƙamuƙi, ya gyara hanci, ta tashi da fuskar da ba wanda zai ƙara yi wa kallo biyu. Shekara uku tana bin wannan layi. Da layin ya zo kanta kuma, sai ta kasa ɗaga waya.

Shekarunta hamsin da huɗu. Arba'in da biyu daga ciki ta yi su ne da sunan Gavin, sunan da aka raɗa mata na ɗa namiji, kafin ta yi ta maza ta fito ta ce ita mace ce. Ta sha magani, ta tara gashi, ta yi shekara biyu tana zuwa koyon murya har muryar ta yi laushi. Fuskar ce kawai ta ƙi ba da haɗin kai. Bas take tuƙawa a Newcastle, kuma mutanen garin ba sa sauka sai sun gode wa direba. A nan take shan ta kullum. Wani ya ce "na gode, malama," wani ya ce "na gode, malam," wani ya buɗe baki, ya dube ta, ya sake dubawa, ya sauka da godiyarsa a ciki. Yawancinsu ba da mugunta suke yi ba. Amma sau ɗari a yini ƙofa tana buɗewa, kuma kowace buɗewa sai ta saurari hukuncin da za a yanke mata. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi wa magani.

Abin da ya riƙe mata hannu uwarta ce, Glenys, da ke gidan kula da tsofaffi a unguwar Wallsend. Ciwon mantuwa ya kama tsohuwar, kuma shi wannan ciwo daga sabon kaya yake fara sata. Da ƙyar Glenys ta koyi sunan Marnie, bayan gabar shekara biyu, har ta kai ga saya mata 'yan kunne da hannunta. To sunan nan shi ya fara tafiya. Yanzu duk duniya mutum ɗaya ta sani, kuma da fuska ta san shi: Gavin.

Ranar Laraba Marnie ta biya gidan yayarta Kerrie, ta same ta tana ninke wankin Mama a teburin kicin.

"Har yanzu ba ki kira su ba?" in ji Kerrie. "Ke dai akwai son wahala, Marn. Kin gaji goshin Baba kamar rumfar shago, an ce za a sauke miki shi, kina wani nuƙu-nuƙu."

"In aka sauke, Mama ba za ta gane ni ba."

"Sai me? Ni 'yarta ta fari, shekara huɗu ke nan tana ce mini mai wanki. Jiya har cewa ta yi in rage sabulu. Shigo layinmu, akwai kujera."

"In ta manta ni, wa ya rage mata, Kerrie?"

Kerrie ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ke kuma wa ya rage miki? Kin ba mutane shekara arba'in. Wannan karon ki ba kanki, don girman Allah."

Gaskiya Kerrie ta faɗa, sai dai gaskiyar ba ta rage wa Marnie nauyin komai ba.

Ranar Alhamis da ta tashi aiki ta wuce Wallsend da ledar biskit mai citta, wanda Mama ke tsomawa a shayi. A ƙofa ta tarar da takarda: mura ta ɓarke a gidan, ba mai shiga sai da takunkumi. Wata nas ta miƙo mata ɗaya, ta ce gara da ta zo, tun safe tsohuwar ta ƙi abinci. Marnie ta ɗaura shi ba tare da tunanin komai ba. Gashinta dama kullum a kan goshi take sauke shi, sai ya zama idanu kawai suka rage a waje.

Glenys tana kujerar bakin taga, bargo a gwiwa. Ta ɗago ta yi murmushin baƙi.

"Sannu, 'yan mata. Sabuwa ce ke a nan?"

Marnie ta tsaya cak da leda a hannu.

"Zauna mana, ba na cizo. Kai, gashin nan naki! Naki ne, ko na kanti?"

"Nawa ne."

"To ki riƙe shi da kyau. Nawa ma haka yake kafin yara su cinye mini shi. Kina da miji?"

"Babu."

"Kin huta. Nawa in ya cire takalmi har kare sai ya bar ɗakin."

Marnie ta yi dariya a bayan takunkumi, hawaye na bin dariyar. Shekara biyar rabon da uwarta ta ce mata "ke". Ta ja kujera ta zauna. Glenys ta kama hannunta ta yaba jan farcen, ta ba ta shawarar ta daina sa shuɗi, kore ne zai karɓe ta. Hirar mata ce zalla, wadda Marnie ta yi ta marmari tun tana ƙarama. Daɗi ya kama ta har tana jin kunyar daɗin. Ashe abin da likita zai ba ta ke nan, ga shi ta ɗanɗana kafin a taɓa ta da wuƙa.

Ta zuba shayi, ta buɗe biskit. Glenys ta ture kofin.

"A'a, na gode. Sai ɗana ya zo. Gavin. Ba ya saɓa Alhamis."

"Ki ɗan sha kafin ya zo."

"Na ce sai ya zo."

Daga nan hirar ta mutu. Tsohuwar ta juya wa baƙuwa ƙeya, ta kafa wa ƙofa ido. Duk takun da ya wuce a baranda sai ta miƙe wuya. Marnie ta zauna tana kallonta, tana ce wa kanta minti biyar kawai za ta ƙara, ta ƙara biyar, ta sake ƙarawa. Shayi ya huce. Can sai Glenys ta fara murza bakin bargo.

"Ke 'yar nan, faɗa mini gaskiya. Mutuwa ya yi suka ɓoye mini? Haka suka yi mini da babansa." Ta dafa hannun kujera tana neman tashi, alhali ƙafafun ba sa ɗaukarta. "Ba ni da kowa sai shi. Ba ni da kowa."

Marnie ta janye takunkumin zuwa wuya, ta sa hannu ta ɗage gashin goshinta.

"Mama, ga ni."

Fuskar tsohuwar ta washe nan take. "Gavin! Ja'iri, ina ka shiga? Dubi gashinka kamar na ɗan kiɗa." Ta kama kuncin Marnie da hannu biyu, tana shafa muƙamuƙin nan da likita ya zana wa layi da alƙalami. Sai ta waiwaya tana dube-dube. "Yanzu wata baiwar Allah ta zauna da ni, mai kirki, mai kyau. Da ka gan ta da ka so ta. Ina ta yi?"

"Ta fita, Mama."

"Ayya. Ko sunanta ban tambaya ba."

Ta cinye biskit huɗu, ta shanye shayin da sanyinsa. Nas ta leƙo, ta ga takunkumi a wuya, ta ga kofi ba komai, ta yi kamar ba ta gani ba.

A wurin ajiye motoci Marnie ta zauna a motarta ba ta tayar ba. Ba ta jira Juma'a ba, don ta san in ta kwana za ta sake shiga wasiwasi, kuma ba ta da sauran ƙarfinsa. Ta kira asibitin. Wata mata mai fara'a ta ɗauka, Marnie ta faɗi sunanta, ta ce ba fasawa take so ta yi ba, ɗaga ranar take so a yi.

"Ba matsala ko kaɗan, malama Tulloch, ana yin haka. Zuwa yaushe zan rubuta miki?"

Marnie ta buɗe baki, sai a lokacin ta ji abin da ake tambayarta. Ta san ranar sarai. Ranar da za a kira ta daga gidan nan a ce ta zo ta kwashe kayan uwarta ce, kuma daga yau ita ce ranar da za ta zauna tana jira.

"Malama Tulloch? Kina ji na?"

"Ina ji," in ji Marnie. "Bar wurin haka, kar ki rubuta komai."