Karen da Namakau ta Bar wa Kalaba

Tun daminar bara Namakau ta tattara kayanta ta bar mijinta Kalaba, ba ta sake nemansa ba sai ranar da gwaggonta ta rasu a garin Mongu. Ta kira shi ta ce ko zai riƙe mata karenta har ta dawo. Kalaba bai ko tambayi girman karen ba ya amsa. Gani yake tunda ta tuna da shi, akwai sauran magana tsakaninsu.

Sunan karen Kapenta, kuma ya kusa kai ɗan maraƙi. Ba ya cizo, murna ce ta yi masa yawa. Duk wanda ya gani sai ya dira masa a ƙirji yana lasa. Ɗakin hayar Kalaba a unguwar Kalingalinga ɗaya ne, tsakar gidan kuma na kowa da kowa. Ranar farko karen ya kifar da tukunyar nshima, tuwon masara, tana kan wuta. Washegari ya yaga zanen wata maƙwabciya.

Kalaba ya gwada duk dabarar da aka ba shi. In karen ya yi tsalle sai Kalaba ya juya masa baya, shi kuwa karen ya haye bayan. Ya riƙa lallashinsa da busasshen kifi, ya cinye ya ƙara tsalle. Ya ja shi yawo har bakin kasuwa don ya gaji, sai Kalaba ne ya dawo yana haki, hannuwansa duk karce.

Ran Lahadi Kapenta ya ture mai gidan, tsohuwa Bana Mulenga, tana dawowa daga coci. Ta zube kan duwawunta, gwiwar hannunta ta kuje.

"Ba Kalaba," ta ce tana zaune a ƙasa, ta haɗa masa da "Ba" ɗin girmamawa irin na garin, "matar ta gudu ta bar ka, kai kuma ka zama mai rainon karenta? Ƙarshen wata ka ba ni ɗakina."

"Mama, ki yi haƙuri. Kwana kaɗan ya rage."

"Ya rage a yi me? A kai ni asibiti?"

Bai gaya wa Namakau ba. Duk sanda ta kira sai ya ce lafiya lau, karen yana jin magana.

Ranar dawowarta ya yi aski, ya yi wa Kapenta wanka. Motarta ta tsaya a ƙofar gida, amma wani dogon mutum ne ya fito daga ciki.

"Kai ne Ba Kalaba? Sunana Sitali. Namakau ta gaji da hanya, ta ce in ɗauko mana shi. Ta ce a gode maka."

Kapenta ya fizge igiya ya ruga wajensa. Mutumin ya ɗaga yatsa kawai ya ce, "Zauna." Karen ya zauna.

"Bai wahalar da kai ba dai? A gida haka yake yi wa baƙi."

"A'a," in ji Kalaba.

Ya miƙa masa kwanon abincin karen, ya tsaya har motar ta sha kwana. Da ya juyo, Bana Mulenga na zaune a ƙofarta da tsumma ɗaure a hannu.

"Mama, ga shi ya tafi."

"Na gani," ta ce. "Na riga na yi wa wani alkawarin ɗakin."