Sai An Ɗaure Maruƙa

Gorar da ke ɗauke da eriyar Mushe Habu tana kwance a tsakar gida, ta karye biyu. Iskar ruwan shekaranjiya ce ta kayar da ita, ta kuma tafi da rezon tarho na gefen arewa gaba ɗaya, waya ba ta shiga.

Tun da ya ajiye allin koyarwa, Habu, wanda har yau ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, ba shi da abin so kamar 'yan rediyonsa na hannu, masu kai magana su kawo. Da Jibrilla makiyayi zai tafi da shanu mashekarin damina, can kan hanyar Dogon Kiriya, Habu ya ba shi ɗaya. Suka yi alkawari kullum ƙarfe huɗu za su gaisa. Yau kwana biyu ba su gaisa ba. A tasha kuma wani direba ya ce ruwan kwari ya ci makiyayi guda, bai dai ji sunansa ba.

Da azahar Hawwa'u, mahaifiyar Jibrilla, ta yi sallama. Ta sauke ƙwaryar nono, ta gaishe shi har da tambayar ciwon gwiwarsa.

"Mushe, akwai labarin shanun?"

Habu ya gane. Jibrilla ɗan farinta ne, shekara talatin da biyu bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

"Babu eriya, Inna. Sai in na hau dutsi, ko muryar za ta kai."

"Mu je."

"Da ke?"

"Kai mai gwiwa ma za ka hau."

Suka hau a hankali, yana tsayawa yana haki, tana jiransa kamar mai kallon gari. A sama, gonakin gero sun yi kore shar, kwari kuma ya cika da jan ruwa. Habu ya duba agogo. Huɗu daidai. Ya danna maɓalli.

"Dutsi na kiran daji. Jibrilla, kana ji na? Gare ka."

Rediyon ta yi shuuu, kamar ana zuba gero a buhu. Ya sake kira. Ya juya gabas, ya ɗaga ta sama, ya kira har sau bakwai. Huɗu da rabi ta wuce. Ya zauna a kan dutse, ya rasa ta inda zai dube ta.

"Wataƙila batir ne ya ƙare masa," ya ce, shi kansa bai gamsu ba.

Hawwa'u tana duban kwarin.

"Da agogo kake kiransa?"

"Haka muka yi da shi."

"Kun yi haka lokacin da shanu ke ratsa kwari. Yanzu sai sun zagaya ta tudu. Wancan kuwa, ko gobara ake, ba ya taɓa komai sai ya ɗaure maruƙa. Kashe abarka, Mushe, kar ka cinye mata rai."

Shekara talatin yana koya wa yara karanta agogo. Ya kashe rediyon, ya yi taimama ya yi la'asar, suka zauna. Ita kuwa tana ta murza bakin zanenta. Da rana ta yi ja, inuwar dutsen ta rufe rabin gari, ta ce, "To, yanzu."

Yana kunnawa, kafin ya danna komai, sai kukan saniya ya fito daga tafin hannunsa.

"...daji na kiran Dutsi! Mushe, kwana biyu ina ta kira. Ko barci kake yi? Gare ka!"

Habu ya yi dariya har da tari. Jibrilla ya ce lafiya lau suke. Wanda ruwa ya ja ma an tsamo shi a jikin wani gawo, da ransa, sai karaya a hannu.

"Ga Inna nan kusa da ni," in ji Habu, ya miƙa mata, ya ɗora babban yatsanta a kan maɓallin.

Ta riƙe abin nesa da bakinta, kamar garwashi.

"Jar saniyata ta haihu?"

"Ta haihu, Inna. Mace. Ke kika hau dutsin da ƙafarki?"

Ta mayar wa Habu.

"Ce masa ya rage surutu, batir yake ɓatawa."

Suka kama gangara. Ba su yi taku ashirin ba ta tsaya, ta dafa dutse, ta zauna.

"Gwiwarka, Mushe," ta ce. "Ka huta kaɗan."

Habu ya zauna nesa da ita, ya juya fuskarsa wajen gari, ya shiga murza gwiwar da ba ta yi masa komai ba.