Kada Ka Rufe Murfin

…ga zafi kuma, kamar dutsen murhu. A cikin gafakata. Gafakar da na ɗauko littattafai tun daga Damagaram, ba wanda ya taɓa ƙona mini hannu. Kai ka jawo, Sirajuddeen. Ɗan ƙanena, ni na koya maka baƙi da wasali, ka zo ka share tsarin da ke tafiyar da kwamfutata ka zuba naka. Wai na kyauta ne, wai ba mai shi, duk duniya ake taruwa a gyara. To abin da ba mai shi, in ya ɓaci wa zan kama?

Da can in na rufe murfin, barci take yi. In dawo in buɗe, ga layina inda na bar shi. Yanzu fa? Fankarta na ta gurnani a jaka. In buɗe — baƙi ƙirin. In danne maɓalli har ta mutu, in tayar, rubutun wayam. An ce barci ƙanin mutuwa ne. Wannan wan kaɗai ta sani.

Tarihin malamaina nake rubutawa, da yatsa ɗaya, tunda hannu na rawa, alƙalami ya ƙi ni. Wa ya karantar da wa. Ba wanda ya rage da sanin nan sai ni, ni kuma… Jiya — jiya ne? — sunan malamin Gagarawa ya zo mini, mai ɗingishi, wanda ya ba mu fiƙihu a gindin tsamiya… ko gawo ne? Na rubuta, aka kira azahar, na rufe. Shi ke nan. Ina ganin rawaninsa, ina jin ƙaurin man shanun da yake shafa wa ƙafar, suna babu.

Wai in riƙa adanawa kafin in rufe. In tuna in adana! Da ina da tunawa, me zan yi da kai? Na kira ka, ƙugin manyan motocin Maigatari a bayanka, ko gaisuwar kirki babu. Wai gyara na tafe, wasu can sun kusa gano inda cutar take. Su wa? Ɗaliban wa? Sai ka ce, "Baba, kawai kada ka rufe murfin."

Kada in rufe. Shafi da bismilla a kansa, in tashi in bar shi baki buɗe, kaji na yawo, ƙuda na sauka? Malaminmu ya taɓa tsinka mini mari a kan haka, kunnen nan na hagu. Littafin da aka bari a buɗe mantuwa yake gadarwa, in ji shi. Kai ba a taɓa marinka ba, shi ya sa. Ni na hana a taɓa ka, ni da bakina…

Tsaya. Tsamiya ce. Malam… Abdulbaqi. Abdulbaqi! Zo nan, zo, harafi-harafi… ga shi a kan gilashi. Adanawa — wanne ne? Maɓalli biyu ake dannawa tare, ka ce. Wanne da wanne, ɗan nan?

Ladan ya tada la'asar. Alwala ba ta jira, ga sunan Allah a jikin sunan, tsirara a tsakar gida. Hannuna ya riga ni kai wa murfin, shi bai manta tarbiyya ba. In na riƙe sunan a baki har masallaci… Abdulbaqi, Abdulbaqi, ban da Fatiha a tsakani… Abdul…

Hannun nan ya yi nauyi a kan murfin.