Ledar Yajin Huraira

Duk Tudun Ƙofa babu wanda bai san yajin Huraira ba, har direbobin da ke lodin Garaku sun san shi. Mutum ɗaya ne bai taɓa karanta sunan sana'arta da idonsa ba, wato mahaifinta Malam Ɗayyabu. Malam ya sha littattafai, amma in ka miƙa masa rubutun boko sai ya riƙe takardar can nesa kamar mai wari. Abin yana ci wa Huraira rai ƙwarai. Tana aika kaya Abuja, tana aikawa Lafiya, amma burinta ɗaya ne, Baba ya ga sunan nan ya gane cewa 'yarsa ta zama wani abu.

Da 'yan jami'a suka ishe ta da maganar ta buɗe shafin intanet don masu oda, sai ta nufi shagon Segun mai haɗa wa 'yan kasuwa shafuka, ta kafa masa sharaɗi.

"Da ajami nake son adireshin, yadda Baba zai karanta da kansa."

Segun ya sosa ƙeya. "Madam, ana yi, amma masu rajistar suna da doka. Ba a gauraya ajami da boko a suna ɗaya, kuma ba sa karɓar wasali, haruffa zalla. No be me talk am o."

"A cire wasalin. Baba ko ido rufe zai karanta."

Aka yi rajista. Don murna, Huraira ta sa aka buga adireshin a jikin sababbin ledojin yaji, da manyan haruffa koraye, ta kai wa Malam guda har zaure. Ya gyara tabarau, ya bi da yatsa daga dama.

"Yajin Huraira," ya karanta. "Wa ya bar rubutun tsirara haka?"

Daga nan ya juya ledar gaba da baya, ya ce "Uhm," ya koma kan carbinsa. Huraira ta fito jiki a sanyaye. Duk wahalar nan a kan "uhm" ta ƙare.

Abin da ta manta, ita da aka haifa a gidan malamai, shi ne a unguwar nan ba a ƙetare takarda mai haruffan Larabci, balle a taka. Su kuwa 'yan jami'a ina ruwansu, su zazzage yaji a kan indomi su yi jifa da leda. Kafin ka ce me, tsofaffin unguwa sun shiga aikin tsince-tsince. Inna Amarya tana wanke duk wadda ta samu ta soke a rufin ɗaki, har gidanta ya koma atishawa daga safe zuwa yamma. Wani ɗan acaɓa ya ɗaura guda a madubin mashin, wai tsari ce. Nkem mai shagon kayan masarufi ta kira Huraira gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, wannan addu'a ce? In addu'a ce ki faɗa mini, kar in ajiye kusa da sabulu."

"Yaji ne, Nkem! Barkono da citta!"

Ta faɗi haka a kasuwa, ta faɗa a gidan biki, har muryarta ta dushe. Kowa sai ya ce ai haka ne, sannan ya sunkuya ya tsinci ledar.

Duk wannan da sauƙi. Ranar da aka zo aka gaya mata cewa Malam da kansa ke fita da hantsi yana zaƙulo ledojin daga kwata da sandarsa, kunya ta kusa kashe ta. Ta yafa mayafi ta bi sawu, ta same shi bayan tasha, bakin rigarsa ya jiƙe, ga wani buhu ya kusa cika.

"Haba Baba! Don Allah ka bari. Yau ɗin nan zan je wurin Segun a soke, a mayar da boko."

"Wa ya ce ki soke?"

"To ai babu aya a ciki, Baba. Babu sunan Allah, babu na Annabi."

"Na sani. Ba ni na karanta miki ba?"

"To me ya kawo ka cikin kwata?"

Malam ya ɗago wata leda da bakin sanda, ya karkaɗe, ya shafe lakar da babban yatsa har koren rubutun ya fito.

"Sunanki ne a jiki, Hure. Ni na raɗa miki shi. Da yake na boko ne ban san ana taka shi ba. Yanzu kuwa ina gani, sai in wuce?"

Huraira ta dubi ledar da ke hannunsa. Hawaye suka cika mata ido, ta ce a ranta yajin ne.

"Riƙe mini buhun," in ji Malam. "Ga wata can gaban mai shayi."