Kukan Kaza a Shagon Aski

Auta mai aski mutum ne da ba ya barin waya ta huta. In babu kai a gabansa, to nasa kan na sunkuye a kan gilashinta. Yau ya sauya mata hoton fuska, gobe ya sauya mata riga, jibi ya mai da haruffanta wasu masu lanƙwasa da shi kaɗai ke iya karantawa. Abokin aikinsa, wanda kowa ke kira Dogo, yakan ce da wayar nan mace ce, da tuni kwalliya ta gundure ta.

Abin da ya fi ba shi nishaɗi shi ne raba wa mutane sautin kira. Kowa da nasa. Matarsa ƙarar yayyafi, mai ginin shagon jiniyar motar kashe gobara, Dogo kuwa tarin tsohon babur, kuma shi ya zaɓa wa kansa. Tun wayar na aljihu Auta ya san mai nemansa.

Akwai kuma Yaya, babbar yayarsu. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, ita ta kai shi koyon aski da ya ƙi makaranta. Guga take yi a ɗakin wanki na wani otal, kuma duk sanda ta ajiye dutsen guga don ta huta, Auta take kira. Ka ci abinci? Ka sha maganin cikinka? Na ji ana iska, ka sa rigar sanyi? Muryarta ba ta san ƙasa-ƙasa ba, wanda ke kan kujera ma yana jin komai. Mutum da gemunsa, da 'ya'yansa, ana tambayarsa rigar sanyi a gaban jama'a.

Wata rana yana tsaka da daidaita wa wani saje ta kira, ya kashe, ta sake kira, ya kashe, ta sake. Hannunsa ya goce, sajen ya tafi. Da ya gama ba da haƙuri ya zauna yana huci, yana laluben sautuka, sai ya ci karo da kyarkyarar kaza, irin wadda ta sauke ƙwai take shelanta wa duniya. Ya liƙa wa lambar Yaya. Bai tsaya nan ba, ya samo hoton wata jibgegiyar kaza ta baje fikafikai a kan 'yan tsaki, ya ɗora a madadin hotonta.

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin wani lokaci abin ya zama wasan shago. Da kaza ta ɗauki kyarkyara sai wani ya ce, "Auta, ta yi ƙwai, je ka ɗauka." Shi ma sai ya dara, ya ɗaga yana cewa, "Na'am, Yaya, na ci, wallahi na ci."

Matarsa ce kaɗai abin bai ba dariya ba.

"Ka cire abin nan," in ji ta. "Matar da ta wanke maka kashi?"

"Ke wasa ne fa. Ita ina za ta ji? Mai kira ai ba ya jin ƙarar wayar wanda ya kira."

"To, na dai faɗa maka."

Ya ce gobe zai cire. Goben ba ta zo ba.

Ran nan da yamma sai ga Yaya a ƙofar shago, da rigar aikinta, tana lalubar dokin ƙofa da ƙafa kafin ta tako. Ba ta cika zuwa ba. Auta ya tashi da sauri ya kakkaɓe mata benci. Dogo na can ƙurya yana fama da wani direba, tsohon mai zuwa aski, wanda aka kwantar aka rufe wa fuska da tawul mai ɗumi.

Ta kwance wayarta daga cikin hankici ta miƙa masa. Wannan karon a hankali ta yi magana, kamar mai jin kunya.

"Auta, idon nan ya fara yi mini gardama. Likita ya ce yanar ido ce. Rubutun wayar nan sai in ga kamar tururuwa. Tunda kai ne gwaninta, ka ƙara masa girma. Kuma ka sa mini wani sauti naka daban, yadda in kai ne zan sani ko ban duba ba, kar in bar ka kana ta jira."

Auta ya karɓi wayar. Ya zauna kusa da ita ya yi aikin da ya iya. Ya buɗa haruffa suka yi manya, ya ƙara haske, ya share tarkacen da suka cika fuskar wayar, ya bar mata abin da take bukata kawai. Ya sa hotonsa a kusurwa, yadda taɓawa ɗaya za ta same shi. Ya zaɓo mata busar sarewa mai sanyi, ya kira ta don ta ji. Ta kara a kunne tana murmushi.

"Kai, wannan ai sai in ƙi ɗagawa don in yi ta saurare. Bari ni ma in gwada, in ga ko zan iya."

Kafin ya buɗe baki ta taɓa hoton. Wayarsa na can kan tebur a gindin madubi, inda ya mayar da ita caji. Ya zabura, amma ina.

Kaza ta cika shago.

Daga ƙarƙashin tawul direban ya bushe da dariya. "Auta, ta yi ƙwai! In ka ɗaga ka gaishe mana da Yaya, ka ce mata ka sa rigar sanyi!"

Dogo ya daskare da reza a hannu. Direban ya ji shirun ya yi yawa, ya janye tawul, ya ga dattijuwa zaune a benci. Ya mayar da tawul ɗin fuskarsa.

Yaya ta kashe kiran. Kaza ta yi shiru. Ta sake taɓa hoton, kaza ta sake ɗauka. Ta miƙe, ta taka har gaban madubi, ta ɗauki wayar ƙaninta ta kawo dab da idonta, ta daɗe tana kallon tsuntsuwar da 'yan tsakinta. Sannan ta ajiye ta daidai inda ta ɗauka.

"Yaya, wallahi wasa ne..."

"Haruffan sun fito sosai," ta ce, tana ɗaure wayarta a hankici. "Na gode. Allah ya yi maka albarka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya bi ta har bakin titi yana magana, ita kuwa ta tsai da mota ta shiga.

A ranar ya goge kazar da hotonta. Ya mayar da hoton Yaya na gaske, ya yi ta gwada sautuka masu daɗi, wannan bai yi ba, wancan bai kai ba. Duk wahalar banza, don kiran bai zo ba. Washegari ma haka, mako ya juyo haka. In shi ya kira takan ɗaga, ta ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa, a gaida yara. Ba tambayar abinci, ba ta magani. Shagon ya yi tsit, Dogo ya daina tsokana, direban ya koma aski wani wuri. Auta yakan tsinci kansa yana duba waya tsakanin kai da kai, ko ta kira bai ji ba. Abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, wannan ma ya ƙara masa nauyi.

"Waya ce ta ɓata tsakaninku," ta ce masa wata safiya. "Ba ita za ta gyara ba. Ka taka da ƙafarka."

Ya sami Yaya a ɗakin wankin, cikin tururi da ƙamshin sabulu, zannuwan gado tsibi-tsibi a kan tebur. Bai taɓa shiga wurin ba sai ranar. Zafin ɗakin ya sa shi gumi tun daga ƙofa. Ta ɗago ta ƙanƙance ido kafin ta gane shi.

"Kama can," ta ce, ta miƙa masa bakin zani.

Suka ja, suka ninke, suka haɗa hannu a tsakiya. Sai da suka yi 'yan kaɗan sannan ya iya cewa, "Yaya, ki yafe mini. Ban da bakin magana."

"Kaza ba zagi ba ce, Auta. Da ni da kai ne kawai, da na yi dariya. Na san na cika kira." Ta shimfiɗa rigar matashi ta ɗora dutse. "Mutumin nan ne ya tsaya mini a rai. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya san ni, har ya san abin da nake ce maka. Ina nan cikin zafin nan ina tunanin ko cikinka ya tashi, ashe can taro ake yi a kaina."

Ya sunkuyar da kai. Idonsa ya sauka a kan hannunta, ya ga sabon tabon ƙuna a gefen yatsunta, inda take taɓa dutsen don ba ta ganin bakinsa sosai. Bai san yaushe abin ya kai haka ba. Kullum ita ke tambaya, shi bai taɓa tambaya ba.

"Na yafe tun kafin in shiga mota," ta ce. "Amma hannun ne ya ƙi. In na zo taɓa hotonka sai in ji kamar suna nan suna jira."

"Me likita ya ce game da idon?"

"Aiki za a yi, farkon wata. An ce in zo da wanda zai riƙo ni."

"Ni zan kai ki."

"Shagon fa?"

"Dogo na nan."

Ta ɗauko wata riga ta fara goge wuyanta. "To. Amma kar ka gaya musu inda za ka."

Bai gaya wa kowa ba. Ranar aikin ya zauna a barandar asibiti har aka fito da ita, ido ɗaya a rufe da auduga. Aikin ya yi kyau, daga baya ganinta ya dawo. Kiran ma ya dawo, amma jefi-jefi, kuma takan fara da tambayar ko shi kaɗai ne. Shagon kuwa ba ta sake takawa ba.

A ranar aikin dai, da suka zo sauka daga matakalar asibitin, ya riƙe damtsenta da hannu biyu yana gaya mata inda za ta sa ƙafa.

"Sassauta mana," ta ce. "Ido aka yi wa aiki, ba ƙafa ba."

Ya sassauta kaɗan, suka ci gaba da sauka.