Shanun Jaye Sun Tafi Kudu

Amalanken bai gama tsayawa a ƙofar asibitin Agiye ba, Jaye ya sake zabura ya buga kansa da katako. Jini ya ɓalle masa a goshi. Ƙanensa Tanimu ya danne masa ƙirji da gwiwa, matarsa Dija ta rungume ƙafafun da ke shure-shure, har ya same ta a haƙarƙari numfashinta ya ɗauke. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe da daina yi.

"Ku kira manjo!" in ji Tanimu. "Allura muke so, wadda ke sa barci!"

Asibitin cike yake. Shekarar ce da ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta cinye ɗan abin da ya tsira. Ko'ina a fili mata ne zaune da yara masu tamowa a cinya, suna jiran layin awo. Manjo, babban ma'aikacin jinya, ya leƙa amalanken, ya ga ƙaton Bafulatani ɗaure tamau da doguwar igiya mai zarge-zarge, ya ja da baya.

"Wannan ba nawa ba ne. Ku kai shi wurin Madam Lantana, likitar magana. Can baya, kusa da ma'ajin katifu."

"Tana da allura?"

"Ko ƙwayar ciwon kai ba ta da ita," in ji manjo, ya wuce.

Dija ta san abin da ya kawo su nan, ita da Tanimu kaɗai suka sani. A tsakiyar bazara Jaye ya tafi neman inda ciyawa ta rage, ya dawo da zazzaɓi mai zafi, ya kwanta bai san inda yake ba. Yana kwance shanun suka yi ta faɗuwa, yau ɗaya, gobe biyu. Ukun da suka rage da rai Dija ce da kanta ta kira mahautan Gazawa ta sayar musu, ta auno gero don yara. Da Jaye ya buɗe ido ya tambayi shanunsa, babu wanda bakinsa ya iya faɗa. Tanimu ya ce, "Sun tafi kudu da yaran dangi, Hamma." Haka yake kiran yayansa. Dija ta sunkuyar da kai ta ce haka ne.

Tun ranar Jaye bai sake zama mutum ba. Ya daina ci. Ya fasa ƙoren nono duka. A ƙauyen da suke zaune gefensa ya shiga gidan wani manomi, Nomau, yana duba shanun huɗarsa ɗaya bayan ɗaya, da Nomau ya yi magana Jaye ya tsaga masa kai da sanda. Samarin ƙauyen suka yi masa dukan da ya kusa kashe shi. Jandarma suka ce in ya sake taɓa wani, gidan kaso na Maraɗi za su kai shi, kuma mahaukaci in ya shiga can ba a san ranar fitarsa ba.

Ɗakin Madam Lantana ba ofis ba ne. Rabin ma'aji ne aka raba da labule, tabarma biyu, kujerar katako ɗaya, randa a lungu. Ita kanta siririya ce, da ɗankwali fari, ba ta fi Dija shekaru da yawa ba. Masu agaji ne suka ɗauko ta daga babban asibitin Yamai don ta riƙa zama da uwayen da yaransu suka mutu.

Aka shigo da Jaye aka ajiye kamar buhu. Lantana ta dube shi, ta dubi igiyar.

"Ku kwance shi."

Tanimu ya yi dariyar takaici. "Madam, kin gaji da duniya ne?"

"Ba na magana da mutum a ɗaure. Duk abin da ya faɗa a ɗaure, igiya ce ta faɗa. Ku kwance shi, ku fita. Ke matarsa, zauna bakin ƙofa."

Tanimu ya kwance yana tsaki, ya yar da igiyar a ƙasa ya fita. Dija ta zauna bakin labule.

Lantana ba ta tambayi komai ba. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye tsakaninsu, ta zauna a ɗaya tabarmar, ta kau da ido kamar yadda ake yi wa babba. Jaye ya miƙa hannuwansa da suka kumbura, ya janyo igiyar, ya shimfiɗa ta a cinyarsa yana shafa zargen ɗaya bayan ɗaya.

"'Yar birni," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Kin san wannan?"

"Ban sani ba, Malam Jaye. Gaya mini."

"Dangwali ke nan. Nan ake ɗaure maruƙa safe da yamma, kowa da zargensa. Ubana ya tufka shi. Shanu ba su tashi daga wuri su bar dangwali. Ko wuta ce ta kama ruga, shi ake fara cirewa." Ya ɗaga igiyar. "Sun ce mini shanu sun tafi kudu. Sa'an nan suka ɗaure ni da dangwali. Ni jaki ne?"

Dija ta toshe bakinta da mayafi. Ranar da suka fara ɗaure shi, ita ce ta ruga ta tumɓuke igiyar daga turakunta, don ita ce mafi ƙarfi a rugar. Ko kaɗan hankalinta bai kai can ba.

"To a ganinka ina shanun suke?" in ji Lantana.

"Tanimu ya sayar. Ina kwance, ya kora su kasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya, ya ci ni da rai. Shi ya sa nake duba gidajen mutane."

Lantana ta juyo ta dubi Dija. Kallon tambaya ne, a hankali, babu tilas. Dija ta buɗe baki. Amma yaya mace za ta dubi mijinta gaban baƙuwa ta ce dukiyar ubansa ta ƙare, kuma ita ta sa hannu a ta ƙarshe? Ta mayar da kai ƙasa.

Lantana ta tashi ta ɗaga labule. "Tanimu, shigo. Gara a yi maganar nan gaban kowa."

Dija ta so ta ce kada. Ba ta ce ba.

Tanimu ya durƙusa daga nesa. "Hamma, ka yi haƙuri. Wallahi suna kudu, da damina za su..."

Bai ƙarasa ba. Jaye ya yi tsalle ɗaya ya faɗa masa, ya zarga masa dangwalin a wuya ya murɗe. Suka yi waje tare da labulen. Idanun Tanimu suka firfito, ƙafafunsa na tonon ƙasa, harshensa ya fara fitowa. Lantana ta kama hannun Jaye da hannu biyu tana kiran sunansa. Ya kaɗa ta da gwiwar hannu, bakinta ya daki katakon ƙofa, haƙori ya faɗo cikin jini. Mata suka watse da yara suna ihu. Mai gadin asibiti ya zo da kulki ya sauke masa a baya, ya sake, ya sake, Jaye bai saki ba sai da wani mai amalanke ya buga masa itace a hannu, aka ji ƙashi ya yi ƙara. Sa'an nan suka taru a kansa da ƙafa.

"Ku bari!" Lantana ce, jini na zuba a farin ɗankwalinta, ta kwanta a kan Jaye. "Ku bari na ce! Marar lafiyata ne!"

Jandarma suka zo da mota suka jefa shi ciki.

Da la'asar Dija ta sami Lantana a bayan ma'ajin, an ɗinke mata leɓe, tana magana da ƙyar. Tanimu yana kwance a ɗakin manjo, wuya a kumbure, amma yana numfashi.

"Laifina ne da na kira shi ciki," in ji Lantana. "Na yi gaggawa. Na je wurin jandarma, na ce ban kai ƙara ba, Tanimu ma ya ce bai kai ba. Shugabansu ya ce motar Maraɗi gobe da hantsi za ta tashi. In ya ga mutumin ya natsu ya ci abinci, zai bar mini shi a nan. In bai natsu ba, shi ke nan."

"Ki gaya masa, Madam. Ke kin iya magana."

"Ni ban san su ba, Dija. Ban san ko saniya ɗaya ba. In na faɗa, ƙarya ce ta uku."

"Zai kashe ni."

"Akwai ƙofar ƙarfe tsakaninku. Ni ma zan tsaya kusa." Ta taɓa leɓenta ta yamutsa fuska. "Ban ce zai yafe miki ba. Wannan ban sani ba."

Washegari da sassafe Dija ta dama kunu da sauran geron, ta zuba a ƙwarya, ta tafi ofishin jandarma. Lantana na can ta riga ta, tsaye a gindin bango. Motar Maraɗi na fili, direba na zuba mata ruwa. Aka nuna wa Dija ƙofar. Ta ƙaramar taga ta hango shi zaune a lungu, hannu ɗaure da tsumma, fuska a kumbure.

Ta zauna a ƙasa ta ba ƙofar gefe, don ba za ta iya kallonsa ba, ta fara lissafa masa shanun da sunayensu.

"Wule ce ta fara," ta ce. "Bakin rijiya, ranar da zazzaɓinka ya tsananta. Ta durƙusa ba ta tashi ba. Sai Saye da ɗanta, rana ɗaya. Ɓale ta kai har gindin aduwa."

Ta ci gaba, saniya bayan saniya, kowace da inda ta faɗi da wanda ke wurin.

"Uku suka rage. Nore, da Rane, da bijimin. Tanimu ya ce a jira ka. Ni na kira mahauta. Ni na riƙe musu igiya. Geron ne yara ke ci."

Direba ya tayar da mota. Wani jandarma ya matso da makullai a hannu, Lantana ta ɗaga masa yatsa ya dakata.

Can sai muryar Jaye ta fito, ƙasa-ƙasa, kusa da ƙofar.

"Wule. An samu an yanka ta, ko mushe ta yi?"

"An yanka. Tanimu ya yi mata bisimilla."

Sa'an nan Dija ta ji ya zauna, bayansa ya jingina da ƙarfen, daidai inda kafaɗarta take.

"Mi ke cikin ƙwaryar?" ya ce.

Dija ta buɗe faifan, ta tura ƙwaryar ta ƙarƙashin ƙofa.